Launi a Bayan Mutum: Jagora ga Mai Ɗaukar Hoto a Deule da Kewaye

A ƙasar Adar hoto yana da aikin yi. Da an kai amfanin gona gida, samari da magidanta daga Deule, Buza, Keita da ƙauyukan Madawa sukan kama hanyar ci-rani, wasu Abijan, wasu Kano ko Legas, wasu Libiya da Aljeriya. Wanda ya tafi yana son ganin jaririn da aka haifa a bayansa, da amaryar ƙanensa, da mahaifiyarsa cikin kayan Sallah. Wayar hannu ta sa kowa na iya ɗauka, amma idan hoton na girmamawa ne, har gobe mai hoto ake nema, domin shi ne ke da wurin da aka gyara, da fitila, da labule mai launi. Saboda haka abin da ke bayan mutum ba ƙaramin abu ba ne a wannan sana'a. Sau da yawa shi ne ke raba hoton da za a sa a gilashi a rataye da wanda za a duba sau ɗaya a goge.

Kukan da na fi ji daga matasa masu shagon hoto iri ɗaya ne. An sayo yadi ja jawur, an rataye, an ɗauka, sai ya fito koɗaɗɗe, ga inuwar kai a jikinsa, ga duk tamojin da ya yi a fili. Ko kuma an ɗaura leda shuɗiya a bakin filashi, launin ya ƙi fitowa, sai wani fari-fari mai ɗan shuɗi. Daga nan sai a ɗora laifin a kan kyamara, a fara tara kuɗin sabuwa. Ba laifin kyamara ba ne. Launin bango haske ne ke yin sa, kuma ba zai yi kyau ba sai ka raba hasken da ke sauka a kan mutum da wanda ke sauka a bayansa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyoyi ne na raba waɗannan biyun.

Tazara tukuna

Kafin ka kashe ko dala, ɗauko ma'aunin tela ka auna ɗakinka. Haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ido ke zato. Idan ka ninka nisan abu daga fitila, hasken da yake samu ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Idan ka ninka sau uku, ɗaya cikin tara.

Ga yadda wannan ke aiki a shago. Ka ajiye fitilar fuska mita 1 daga mutum, shi kuma yana mita 1 daga bango. Bangon ke nan yana mita 2 daga fitila, yana samun rubu'in hasken da fuska ke samu. Matso da mutumin da fitilarsa gaba har ya zama mita 2 tsakaninsa da bango: yanzu bangon na samun ɗaya cikin tara. A mita 3, ɗaya cikin 16, wato ya yi duhu sosai ko da farin fenti ne a jikinsa. To juya lissafin. Fitila tana can kusa da ƙofa, mita 3 daga mutum, shi kuma ya kusa jingina da labule, mita 1 kacal. A nan bangon na samun fiye da rabin hasken fuska. Wannan na biyun shi ne tsarin da ke cikin yawancin shagunanmu, kuma shi ne ke kashe launi.

Dokar ke nan: fitila kusa da mutum, mutum nesa da bango. Mita 2 shi ne mafi ƙarancin abin da nake so. Ka sami fenti ka ɗiga alama a ƙasa inda kujera za ta zauna, domin mutanenmu da sun shigo bango suke nufa su jingina, musamman dattawa. Ba sai ka yi dogon bayani ba: "Baba, bismilla nan kan alamar." "Inna, ɗan matso gabana kaɗan, ya yi, Allah ya saka." Tazarar nan tana kawo riba uku lokaci guda. Inuwar mutum takan faɗi ƙasa maimakon ta hau labule, tamojin yadi yakan ɓace saboda idon kyamara ba a kansa yake ba, sannan launin bango ba ya dawowa ya shafi kunne da gefen wuya.

Na san shaguna da yawa a bakin kasuwa ba su wuce mita 3 da 4 ba. Mai irin wannan ɗaki ya haƙura da hoton tsaye daga kai har ƙafa, ya ƙware a na zaune da na rabin jiki. Ya sa bango a gajeriyar katanga don ya ɗauka ta tsawon ɗakin, in ta kama ma ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauka. Ya kawo fitilar fuska ta gefe, ba ta gaba kai tsaye ba, ya ɗan karkata ta yadda abin da ya wuce mutum zai faɗa katangar gefe. Sannan ya sami baƙin kwali mai faɗi ya tsayar tsakanin fitilar da bango, ya tare hasken da ke zubewa can. Ƙaramin ɗaki mai farin fenti da silin kusa da kai yana watsa haske ko'ina, don haka rataya baƙin yadi a katangun gefe yana taimakawa sosai. Lemar filashi, wadda kowa ke so saboda arha, tana watsa haske ko'ina. In kana da hali, akwatin haske mai raga a baki ya fi ta biyayya. In babu, lemar ma za ta yi, muddin ka matso da ita ka kuma tare ta da kwali.

Labule da katanga

Hanya mafi tsufa ita ce launin ya kasance a jikin abin da ka rataya. Manyan masu hoton Afirka ta Yamma da ita suka yi suna. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurinsa a Bamako a 1948, da zanen shimfiɗar gadonsa ya fara, daga baya ya riƙa sauya yadi mai zane bayan ƴan shekaru, har ta kai da labulen yake gane lokacin da ya ɗauki hoto. Malick Sidibé, shi ma a Bamako, an san shi da labule mai ratsi-ratsi da daɓe mai gida-gida, kuma a 2007 ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venis. Sanlé Sory na Bobo-Julaso labulen da aka zana da fenti yake sa wa samari, da jirgin sama da birni a jiki. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki matasan shekarun 1960 da 1970. Yawancin hotunansu baƙi da fari ne, zane ne ke yi musu aikin da launi ke yi mana yau, amma abin koyi ɗaya ne: sun zaɓi bango da niyya, sun san yadda zai zauna da tufar wanda ke gabansa.

Yadin labule dole ya zama marar ƙyalli. Shadda, leshi, satin da duk wani mai santsi suna mayar da hasken filashi, sai ka ga farin tabo a bayan kai. Auduga ka nema, mai kauri. Akoko ya yi ƙwarai, yana da arha, yana shan rini, yana shan fentin ruwa. Ana samunsa a manyan kasuwanni irin na Madawa, Ƙonni da Maraɗi, wanda kuma ke da mai zuwa Kano, Kantin Kwari ba abin da babu. Faɗin yadi bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, saboda haka sai tela ya haɗa biyu ko uku. Ka roƙe shi kada ɗinkin ya faɗo tsakiya, inda kan mutum zai kasance. Falle uku sun fi biyu saboda wannan dalili. Mita 3 a faɗi da 3 a tsawo sun ishi mutum ɗaya ko biyu. In kana son ya sauko ya shimfiɗu a ƙasa har ƙarƙashin ƙafa, sai tsawon ya kai mita 5 ko 6. A yi masa kalmasa sama da ƙasa, a zura bututun roba irin na famfo. Na saman ya riƙe shi, na ƙasan ya ja shi ya miƙe. In an tashi aiki a naɗe shi a jikin bututun, kada a ninke, domin ninki ne ke haifar da layukan da guga ma ba ta cika fitarwa ba. A lokacin hunturu, ƙura takan kwanta a kan labule mai duhu cikin kwana biyu, kuma filashi yana nuna ta. A rufe shi da tsohon zane.

Wanda ya kai akoko marina, ya gaya wa marini yana son launi bai ɗaya ne ko mai gajimare. Mai gajimaren, wanda ake cukuikuye yadin kafin a tsoma, yana ɓoye tamoji da datti, yana kuma daɗewa bai gundiri ido ba. Shuɗin baba irin na Ƙofar Mata a Kano yana da zurfin da na fi so a kan na kanti, amma a bar shi yadda ya fito daga rini, kada a kai shi bugu, don bugu ne ke sa ƙyalli.

Akwai takarda ta musamman da ake sayarwa a naɗe, mai faɗin mita 1.35 ko 2.72. Tana da kyau, ba ta da ɗinki. Sai dai ba na ba mai shago a ƙauye shawarar sayenta: takalmi ɗaya mai ƙasa ya ishe ta, gara kuma ba ta barinta.

Katanga fa? In shagon naka ne ko mai shi ya yarda, a yi mata shafen siminti mai laushi a shafa fentin ruwa, ba fentin mai ba. Kuma in launi ɗaya kawai za ka iya shafawa, to kada ka zaɓi ja ko shuɗi. Zaɓi ruwan toka, matsakaici, ba mai haske ba, ba mai duhu ba. Dalilin yana tafe.

Rina bango da haske

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin jari, domin bango ɗaya zai ba ka launi goma. Kana buƙatar filashi na biyu, ko da ƙarami ne mai batir, da ledar launi da za ka ɗaura a bakinsa. Ka ajiye shi a ƙasa a bayan mutum, ko kan gajeriyar ƙafa, yana kallon bango, jikin mutumin ya ɓoye shi. In ka matso da shi kusa da bango, zai yi da'irar haske a bayan kai wadda ke duhu zuwa gefe. In ka ja shi baya, ko ka sa biyu ta dama da hagu, launin zai bazu bai ɗaya.

Me ya sa ruwan toka? Farin bango yana mayar da duk hasken da ya taɓa shi, har da ɗan abin da ya zubo daga fitilar fuska. Wannan farin hasken yana shiga cikin launin ya tsinka shi, kamar ka yi ta ƙara ruwa a zoɓo. Shi ya sa farin bango ba ya bayar da launi mai kauri sai mai taushi, ruwan hoda ko bula. Baƙin bango yana ba da launi mai zurfi ƙwarai, amma yana cin ƙarfin filashi, batir ya ƙare da wuri, in kuma karan-miski ne ma, shanye hasken yake yi gaba ɗaya. Ruwan toka yana tsakiya: yana karɓar launi, ba ya kuma tona ɗan hasken da ya zubo.

Ga tsarin gwaji, kuma ina roƙon a bi shi daki-daki, fitila ɗaya bayan ɗaya. Sa kyamara a kan M, wato kai ke juya komai. ISO 100, saurin ƙiftawa 1/125, buɗin ido f/5.6. Kada saurin ya wuce 1/200, domin yawancin kyamarori daga nan suke fara barin baƙin layi a gefen hoto idan da filashi. Kashe filashi duka ka ɗauka. Ya kamata hoton ya fito baƙi ƙirin ko kusa da haka. In ka ga ɗakin, to hasken ƙofa ko na ɓular kwano yana shigo maka, a saki labulen ƙofa. Sai ka kunna fitilar fuska ita kaɗai, ka zaunar da yaron shago, ka gyara ƙarfinta har fuska ta yi daidai. Duba bangon a wannan hoton. Iya duhunsa, iya kyan launin da za ka samu. In ya yi haske, koma kan tazara da baƙin kwali, kada ka wuce nan. Bayan haka kashe ta fuska, kunna ta bango kaɗai. Fara da ƙaramin ƙarfi, kamar 1/16, kana ƙarawa a hankali. Daga ƙarshe kunna duka biyun.

A nan ne mutane da yawa ke yin baya-baya. Suna ganin launi bai fito ba sai su ƙara wa filashin bango ƙarfi, alhali ƙarin ƙarfi koɗar da launi yake yi. Ja mai ƙarfi da yawa yakan koma ruwan goro ko ruwan hoda, shuɗi ya koma fari-fari. Launi mai kauri a ƙaramin haske yake. Rage, ka ga yadda zai cika. Ledojin kuma ba cinsu ɗaya ba: rawaya ba ta rage haske sosai, ja tana ci fiye da ita, shuɗiya mai duhu ta fi kowacce ci. Don haka duk lokacin da ka sauya leda sai ka sake duba ƙarfi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Duk da haka, ka rubuta lambar da ta yi wa kowane launi daidai a ƙaramin littafi, ko a jikin katanga kusa da kyamara.

Haɗa launi da haske ya bambanta da haɗa fenti. Filashi biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, inda suka haɗu a bango za su ba da shunayya mai haske. Ja da kore su ba da rawaya. Amma idan ka ɗora leda ja a kan kore a bakin filashi ɗaya, kowacce za ta tare abin da ɗayar ta bari, kusan ba abin da zai fita. Haka ma idan ka haska koren labule da jar leda, duhu mai datti za ka gani. Leda tana son bango marar launi.

Ledar asali, irin ta kamfanonin Rosco da Lee, an yi ta ne don jure zafi, falle ɗaya kimanin santimita 50 da 60, kuma ƙaramin filashi ɗan yanki kawai yake buƙata, don haka masu hoto uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su raba. Kafin ta samu, ledar naɗe kyauta mai launi tana yi a bakin ƙaramin filashi, a ninka ta biyu in launin bai kai ba. Amma ina gargaɗi da babbar murya: kada a kusantar da ledar kasuwa ga ƙwan fitila mai zafi, ko babban filashi mai ƙwan da ke ci kullum. Narkewa take yi ta kama da wuta, shago kuwa cike yake da yadi, ga zafin bazara da ke haura digiri 40.

Akwai wata dabara ga wanda ke son shuɗi ba tare da shuɗiyar leda ba. Ɗaura leda ruwan goro, wadda ake kira CTO, a fitilar fuska, ka sa daidaiton fari na kyamara a kan alamar ƙwan lantarki, wato 3200K. Fuska za ta dawo launinta na gaskiya, bangon da filashi tsirara ko hasken rana ya haska kuma ya koma shuɗi mai sanyi.

Tunda an zo maganar daidaiton fari: kada ka bar shi a hannun kyamara. Idan ta ga ja ya cika hoto, sai ta ɗauka kuskure ne, ta ja komai zuwa shuɗi-kore don ta gyara, fuskar mutum ta yi kamar marar lafiya. In ba wannan dabarar ta CTO kake yi ba, tsayar da shi a kan alamar filashi, ko 5500K, ka bar shi a nan.

Fuska da tufa su ne masu gida

Duk wannan wahala don mutum ake yin ta, ba don bango ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ga hoton dattijuwa da ta sha ado, amma ido ya fara sauka a kan wani kore mai ihu a bayanta. Kafin ka zaɓi launi, dubi abin da mutum ya sa. Atamfa mai zane da yawa tana son bango lafiyayye, ka ɗauko ɗaya daga ƙananan launukan da ke cikin zanen ka yi shi da duhu. Farar shadda ta Sallah tana haskawa a kan shuɗi mai zurfi, ko ja mai duhu, ko kore irin na ganyen mangwaro. Baƙar abaya da rawanin turkuɗi irin na Buzayen Keita da Abalak sukan narke cikin bango mai duhu, kan mutum ya rasa iyaka. A ba su ruwan ƙasa mai haske, ko ruwan goro, ko a yi da'irar hasken nan a bayan kai. Masu anko kuwa, kada a ba su bango launin ankonsu.

Fatarmu tana son launuka masu zurfi: shuɗi mai ɗan kore, ruwan zuma, ja irin na barkono busasshe, rawaya mai duhu. Bango mai tsananin haske yana sa fuska ta ƙara duhu a ido, shi kuma mai hoto ya bi ta da gyaran kwamfuta har mutum ya zama wani daban. Ba na goyon bayan wannan ko kaɗan. Wanda ke Abijan fuskar mahaifiyarsa yake son gani yadda ya san ta. Maganin duhun fuska haske ne mai faɗi, mai taushi, kusa da ita, da farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da haske cikin inuwa. Da zafi, a miƙa wa mutum tsumma mai tsabta ya share gumi kafin a ɗauka, don goshi da hanci kada su yi ƙyalli.

Duba gefen kunci, kunne da kafaɗa a kowane gwaji. In ka ga ja ko kore ya hau su, ko dai bangon ya yi ƙarfi, ko mutum ya yi kusa da shi, ko kuma filashin baya yana leƙo shi ta gefe. Naɗa baƙin kwali a bakin filashin ya zama kamar bututu, sai hasken ya tafi gaba kawai.

Idon kyamara ma yana da hannu a ciki. Mai 50mm ko 85mm, in ka ja baya, yana ɗaukar ɗan yankin bango ne kawai, don haka ƙaramin labule zai cika hoton. Mai faɗi kuwa yana kwaso gefen labule da bututu da rufin kwano. Mai aiki da waya ya danna 2x ya ja baya, ya kuma danna fuska ya riƙe har haske ya kulle.

In babu filashi, ko babu wuta

Lantarki a yankinmu ba abin dogaro ba ne, ƙauyuka da yawa ma da faifan sola suke aiki. Wannan ba ya hana launi mai kyau. Seydou Keïta yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana. Ka nemi inuwa mai faɗi, rumfa ko bakin zaure, wadda rana ba ta faɗowa kai tsaye. Zaunar da mutum a bakin inuwar yana fuskantar sarari, ka rataya labule can ciki, mita 2 a bayansa. Fuska za ta sami haske, labule ya sami ƙasa da haka, launinsa ya cika. Doka ɗaya ce da ta cikin shago. Ka guji inuwar bishiya mai ɗigo-ɗigon rana, ka kuma lura da jar ƙasar Adar: da tsakar rana takan mayar da ja zuwa ƙarƙashin haɓa. Shimfiɗa farin zane a gaban mutum, inda ba zai fito a hoto ba. Ranar da hazon hunturu ya rufe rana, hasken yakan yi laushi ƙwarai, sai dai yana da ɗan rawaya, a daidaita fari da farar takarda. Tabarmar kaba mai launi irin wadda aka san Madawa da ita, in aka rataya ta nesa aka buɗe ido zuwa f/2.8, takan narke ta ba da bango mai ɗumi wanda ba kowa ke da irinsa ba. Katangar laka da aka yi wa sabon yaɓe ma haka.

Fitilun LED masu sauya launi, masu caji, sun yi yawa a kasuwa yanzu, kuma suna da amfani: abin da ido ya gani shi kyamara za ta ɗauka. Amma ba su da ƙarfin filashi, sai ɗaki ya yi duhu sosai, ISO ya hau 400 ko 800. Masu arha da ke aiki da wutar gida sukan yi ƙyaftawar da ido ba ya gani, ta fito a hoto kamar ratsi. Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, saboda haka gwada saurin 1/50 ko 1/100. A bar masu launin ga bango. Ta fuska kuwa a nemi fara mai kyau, wadda aka rubuta CRI 95 ko sama a kwalinta, domin marasa kyau suna sa fata ta yi kore-kore.

Kwamfuta da wanki

Za a ce, me ya sa duk wannan, alhali Photoshop ko manhajar waya za ta cire bango ta sa wani cikin minti ɗaya? Tana yi, kuma akwai ranar da za ka buƙace ta. Amma dubi gefen mayafi mai shara-shara, da bakin gashin yaro, da tsakanin yatsu: nan ne yankan ke tona kansa. In ka san za ka sauya bango a kwamfuta, ɗauki hoton a kan ruwan toka, ba kore ba, saboda koren yakan bar gurbinsa a jikin farin kaya.

Hoton takardu, na katin ɗan ƙasa, fasfo, jarrabawa ko aikin Hajji, ba wurin gwada launi ba ne. Bango lafiyayye mai haske ake so, ba inuwa. Ka tambayi abin da ofishin ya nema kafin ka ɗauka, kada ka sa bawan Allah ya biya kuɗin mota sau biyu zuwa Buza ko Tawa.

Launin da ke fuskar kyamara ba shi ne zai fito a takarda ba. Gilashi yana haskawa daga ciki, takarda ba ta yi, kuma shuɗi mai zurfi da shunayya su ne suka fi sauyawa a wanki. Sa kyamararka a kan sRGB. Ɗauki mutum ɗaya a kan kowane launi da kake da shi, ka kai inda ka saba wanki, ka ga abin da injinsu ke fitarwa, ka gyara naka ƙarfin daidai da shi. Waɗannan hotunan gwaji ka liƙa su a allo cikin shago, inda rana ba ta bugu, mai zuwa ya nuna da yatsa wanda yake so. Wanda za a tura wa na ci-rani ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, ba hoto ba, in ba haka ba manhajar takan matse shi, bangon da ka sha wahalar daidaitawa ya fito da zobe-zobe.

Ranar Sallah ba ranar gwaji ba ce. Yara za su yi layi tun daga saukowa idi, kowa da sabon ɗinki, ba wanda zai jira ka kana sauya leda. Tun jajibiri ka zaɓi launi biyu kawai, ɗaya mai duhu don masu fararen kaya, ɗaya mai haske don masu duhu. Yanka ledojin, liƙa musu abin mannewa, rubuta ƙarfin kowacce a jikin filashin. Ɗaure ƙafafun fitilu da buhun yashi don kada yara su ture, caja batir kashi biyu, ka sa yaron shago a ƙofa yana shigo da masu fararen kaya a jere, sannan masu duhu.